Tsakanin RTX 4080 Da 4080 Super: Ƙarin Ƙarfi Ne Ko Ƙarin Suna?

Duk wanda ya ratsa unguwar Briqueterie da ke birnin Yawunde bayan isha'i, abin da zai fara tarbarsa shi ne hayaƙin masu tsire, sai ƙarar kekunan teloli waɗanda ba sa rufe shago da wuri, sai kuma 'yan babur da ke ta kai-komo tsakanin unguwar da Tsinga da Mokolo. Amma idan ya kutsa cikin lunguna zai ji wata hayaniyar ta daban tana fitowa daga wasu ƙananan ɗakuna masu labule a ƙofa, inda matasa ke cincirindo a gaban allo, wannan yana ihu an ci shi, wancan yana rantsuwa sai ya rama. Waɗannan su ne ɗakunan wasan bidiyo, kuma a yau sun zama sana'ar da wasu samarin unguwar ke ci da kansu da ita, har su taimaka wa iyaye da kuɗin cefane.

Ɗaya daga cikin masu irin wannan ɗaki ɗan yayata ne. Yana da na'urorin PlayStation guda huɗu, da wata babbar kwamfuta guda ɗaya wadda ita ce abin alfaharinsa, domin a cikinta akwai katin hoto samfurin RTX 4080 da wani ɗan'uwanmu ya taho masa da shi daga Turai. A watan jiya ya same ni a gidan rediyon da nake aiki, ya ce: "Kawu, an yi mini tayi. In ba da katina, in cika sefa dubu 150, a ba ni 4080 Super. Adashina ya kusa fitowa, me ka gani?" Na ce masa ya ba ni mako guda kafin ya taɓa kuɗin. Abin da na tattara a wannan mako shi ne nake so in gabatar wa mai karatu, domin na lura ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba.

Mene ne katin hoto?

Ga wanda bai saba da harkar ba, katin hoto wani falle ne da ake sokawa a cikin akwatin kwamfuta, masu gyara a nan suna kiransa kart girafik. Aikinsa shi ne zana duk abin da ido ke gani a allo. Wasan bidiyo ba kamar fim yake ba, wanda an riga an ɗauka an ajiye. Duk lokacin da ɗan wasa ya juya ko ya buga ƙwallo, dole kwamfuta ta zana sabon hoto nan take, ciyawar fili da inuwar 'yan wasa da 'yan kallo duka, kuma ta yi hakan sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan katin yana iya zana hotuna 60 a daƙiƙa, wasa zai tafi sumul. Idan ya gaza 30, sai ka ga hoto yana tsalle-tsalle kamar faifan da ya karce.

Kamfanoni biyu ne suka fi suna a wannan kasuwa, wato Nvidia da AMD, dukansu na Amurka. Nvidia, wanda aka kafa a 1993, shi ne mai katunan GeForce, kuma shi ke riƙe da kaso mafi tsoka na kasuwar. Ita kuwa ƙwayar da ke tsakiyar katin, wadda ita ce zuciyarsa, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera ta, sannan kamfanoni irin su Asus da MSI da Gigabyte da Zotac su ɗora ta a kan nasu fallen, su sa mata fanka, su zuba a kwali. Shi ya sa za ka ga RTX 4080 kala-kala a kasuwa, alhali zuciyar guda ce.

Yadda aka haifi "Super"

A watan Satumban 2022 ne Nvidia ya sanar da katin RTX 4080, ya kuma shiga kasuwa a watan Nuwamba na wannan shekara a kan dala 1,199. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wannan farashi ya tayar da ƙura, domin wanda ya gada, wato RTX 3080 na shekarar 2020, a kan dala 699 aka fito da shi. Ƙarin dala 500 ke nan a tashi ɗaya. Bugu da ƙari, kamfanin ya so ya fito da wani ƙaramin kati mai ma'ajiyar gigabait 12 shi ma da sunan 4080, a kan dala 899. Da suka ta yi yawa, sai ya janye shi a watan Oktoba tun kafin ya shiga shaguna, ya sake fito da shi a Janairun 2023 da sunan RTX 4070 Ti a kan dala 799. Ana cikin haka kuma, a Disamban 2022, abokin hamayyarsa AMD ya fito da nasa babban katin, RX 7900 XTX, mai gigabait 24, a kan dala 999.

Kowa ya yarda RTX 4080 kati ne mai ƙarfi, amma tsadarsa ta sa masu saye da dama suka ja baya. To a ranar 8 ga Janairun 2024, a wajen baje kolin kayan lantarki da ake yi duk shekara a birnin Las Vegas, Nvidia ya sanar da sababbin katuna uku masu laƙabin Super. Babbansu shi ne RTX 4080 Super, wanda ya shiga kasuwa ranar 31 ga Janairu a kan dala 999, wato daidai da farashin katin AMD, kuma ƙasa da na tsohon 4080 da dala 200. Mai karatu ya riƙe wannan adadi na dala 200, domin shi ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya.

Su biyun a kan sikeli

Ƙwayar da ke cikin katunan biyu iri ɗaya ce, sunanta AD103. A kwatanta ta da gida mai ɗaki 80. A wajen ƙera irin wannan ƙwaya ba kowace ke fitowa lafiya lau ba, don haka kamfani kan kulle wasu ɗakunan domin ya samu damar sayar da har waɗanda suka ɗan samu tabo. A tsohon 4080 ɗaki 76 aka buɗe, huɗu na kulle. A Super an buɗe duka 80 ɗin. Idan aka koma ga ƙananan ma'aikatan lissafi da ke cikin waɗannan ɗakuna, tsohon yana da 9,728, sabon yana da 10,240. Ƙarin 512 ke nan, wato kashi 5 cikin ɗari da ɗan ɗoriya.

Ma'ajiyar da katin ke ajiye hotunan da yake aiki a kansu kuwa, gigabait 16 ce a dukansu, kuma samfuri ɗaya. An dai ɗan ƙara mata sauri, daga gigabait 717 a daƙiƙa zuwa 736. Wutar da aka ƙayyade wa kowannensu wat 320 ce, kuma kamfanin ya ba da shawarar a haɗa kowannensu da akwatin wuta mai aƙalla wat 750. Dabarar nan da ake kira DLSS 3, wadda ke sa katin ya ƙirƙiro ƙarin hotuna a tsakanin na ainihi domin wasa ya ƙara santsi, tana aiki a kan duka biyun ba tare da wani bambanci ba. Babu wani wasa da Super zai buɗe wanda tsohon zai kasa.

Da katin ya fito, masu gwajin kayan kwamfuta a ƙasashe daban-daban sun jera su biyun a kan wasanni masu yawa, kuma sakamakonsu ya zo kusan bakin ɗaya: Super ya fi tsohon da abin da bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari ba. Ma'ana, inda tsohon ke zana hotuna 100 a daƙiƙa, sabon zai zana 102 ko 103. Babu idon ɗan'adam da zai iya rarrabe wannan. Ko da an rufe sunan katunan an zaunar da gwanin 'yan wasan unguwa a gabansu, sai dai ya yi canke.

A taƙaice, Super ragin farashi ne aka sa masa sabon suna. Kamfani bai so ya fito fili ya ce ya tsawwala a 2022 ba, sai ya ɗan buɗe ɗakuna huɗu, ya canza rubutun kwali, ya sauke dala 200. Ga wanda bai da kati a Janairun 2024, wannan albishir ne. Ga wanda ya riga ya mallaki 4080, babu abin da ya samu sai takaicin ganin darajar nasa ta faɗi a kasuwar gwanjo. Teloli a nan unguwar sun san irin wannan: shadda ɗaya ce, ɗinki ɗaya ne, an dai ƙara layi ɗaya na aiki a wuya.

Ba duk Super ne haka ba

Adalci ya sa a faɗa cewa sauran katuna biyun da aka fito da su tare da shi sun fi shi kawo canji. RTX 4070 Super ya tashi daga ma'aikata 5,888 zuwa 7,168, ƙarin sama da kashi 20 cikin ɗari, kuma a kan farashin da aka fara sayar da tsohon, dala 599. Shi kuma RTX 4070 Ti Super an ɗaga ma'ajiyarsa daga gigabait 12 zuwa 16, ma'aikatansa daga 7,680 zuwa 8,448, farashi yana nan a dala 799. A waɗannan biyun, wanda ke zaɓe tsakanin tsoho da sabo yana da dalilin ƙara 'yan kuɗi ya ɗauki sabon.

Haka nan ba a 2024 aka fara wannan salo ba. A Yulin 2019 an fito da RTX 2080 Super, wanda ya ɗara RTX 2080 na 2018 da ma'aikata 128 kacal, daga 2,944 zuwa 3,072. Darasin da ke nan shi ne kalmar Super ba ma'auni ba ce. Wani lokaci tana nufin ƙari mai kauri, wani lokaci kuma ɗan yayyafi. Sai an duba alƙaluma ake sanin wanne ne.

Kafin ya iso Yawunde

Duk farashin da na ambata na Amurka ne, kafin haraji. Idan aka lissafa dala ɗaya a kan sefa 600, wanda shi ne kusan canjin farkon 2024, dala 999 ta kama kusan sefa dubu 600, dala 1,199 kuma kusan dubu 720. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kamaru ta tsayar a watan Maris na 2023 ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu, ban da na gona, sefa dubu 60 ne a wata. Ke nan katin Super, a farashinsa na can, albashin wata goma ne cur na ƙaramin ma'aikaci, ba ci ba sha.

Kuma ba a haka yake isowa ba. Harajin kayan masarufi na kashi 19.25 cikin ɗari kaɗai zai ɗora sama da sefa dubu 115 a kan dubu 600, ban da kuɗin duwan, da kuɗin jirgi, da ribar wanda ya ɗauko shi daga Dubai ko Caina ko Faransa, da ribar mai shagon da ya ajiye shi. Sannan akwai wani abu da mai saye a Turai ke samu wanda mu a nan ba kasafai muke samu ba, wato garanti. Shi idan katinsa ya lalace zai mayar a canza masa. Kai kuwa da aka kawo maka naka a cikin jakar matafiyi, idan ya mutu bayan wata uku, ko takardar saye ba ka da ita, balle kuɗin aika shi inda ya fito.

Wani abin lura kuma shi ne tun da jerin RTX 50 ya fito a Janairun 2025, jerin 40 ya zama tsohon yayi, kuma an daina ƙera 4080 Super ɗin kansa. Duk wanda za a nuna maka yanzu a Avenue Kennedy ko a wani shago, ko dai ragowar tsohon kaya ne, ko kuma wanda wani ya yi amfani da shi. Don haka tayin da aka yi wa ɗan yayata, a zahiri, musayar kati na hannu ne da wani katin na hannu. Nasa ya san lafiyarsa, ya san bai taɓa ba shi matsala ba. Wancan kuwa bai san hannun da ya fito ba.

Allo da wuta su ne alƙalai

Da na je ɗakin wasan nasa, abin da na fara dubawa shi ne allon da ya haɗa da kwamfutar. Talabijin ce ta gida, irin wadda ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Wannan na nufin ko katin ya zana hotuna 200, guda 60 kawai allon zai nuna, sauran sun tafi a banza. Ashe tun kafin a zo maganar Super, katin da ke hannunsa ma ba ya aiki da rabin ƙarfinsa. An ƙera irin waɗannan katuna ne domin allo mai ɗigo sama da miliyan 8, wanda ake kira 4K, ko kuma allo mai sabunta hoto sau 144 zuwa sama. Allon da aka saba gani a ɗakunan wasanmu ɗigonsa miliyan 2 ne da 'yan kai. Haɗa 4080 da irin wannan allo tamkar sayen tirela ne domin dakon buhun gawayi ɗaya.

Sai batun wuta. Gaskiya ne madatsar ruwa ta Nachtigal da ke kan kogin Sanaga, mai ƙarfin megawat 420, ta kammala fara aiki a 2025, amma duk mazaunin Yawunde ya san samar da wuta daban, isowarta gida lafiya daban. Tsofaffin wayoyi da taransifomomin da aka yi wa lodi fiye da kima suna sa wuta ta ɗauke ba sallama, ko ta yi ƙasa, ko ta dawo da ƙarfin da ya wuce 220 ɗin da aka saba. Dawowar nan ita ce ke kashe kayan lantarki. Kwamfuta mai irin wannan kati, idan ana wasa mai nauyi, tana iya jan wat 500 ita da allonta. Ƙananan na'urorin riƙe wuta da ake kira ondile, masu lamba 650 da suka cika kasuwa, ba za su iya ɗaukarta ba. Tana buƙatar mai lamba 1,500 ko kusa da haka, tare da regilate mai kyau. A ɗakin ɗan yayata babu ko ɗaya. Kati na dubban ɗaruruwa yana rataye a jikin soket na sefa dubu biyu.

Ga kuma lissafin takardar wuta. Mu ɗauka na'urar tana jan wat 500 na awa goma a rana. Kilowat 5 ke nan a yini, 150 a wata. Idan aka ƙaddara kowane kilowat a kan sefa 100 domin sauƙin lissafi, dubu 15 ke nan duk wata a kan kwamfuta ɗaya, kuma wannan bai canzawa ko tsohon kati ne a ciki ko Super, tunda cin wutarsu ɗaya. Idan kuma ana karɓar sefa 500 a awa, cikon dubu 150 da aka nema yana nufin awa 300 na wasa kafin kuɗin ya dawo, alhali babu yaron da zai ƙara ko dala ɗaya don an ce masa katin da ke cikin akwati ya zama Super.

Wane wasa ake bugawa?

Tambayar da ya kamata kowane mai ɗakin wasa ya yi wa kansa ke nan. A unguwarmu ƙwallon ƙafa ne sarki. Wasan da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, da takwaransa eFootball wanda a da ake kira PES, su ne ke tara jama'a. To kamfanin da ya yi EA Sports FC 24 da kansa ya ce katin GTX 1050 Ti ya isa a buɗe wasan, kuma wanda ya ba da shawara a yi amfani da shi domin a ji daɗinsa shi ne GTX 1660, katin 2019 mai cin wat 120. Haka GTA V, wanda ya zo kwamfuta tun 2015, ba ya buƙatar wani babban kati. Wasannin da ke sa 4080 gumi su ne irin su Cyberpunk 2077 da Black Myth: Wukong idan an ƙure musu ƙyale-ƙyale, kuma masu neman su a nan ba su da yawa.

Masu buga Fortnite da Call of Duty ta intanet kuma, abin da ya fi damunsu shi ne jinkirin layi, domin manyan na'urorin da ke haɗa 'yan wasa suna nesa da mu, akasari a Turai. Idan ka harba bindiga saƙon ya yi doguwar tafiya kafin ya dawo, wanda ke Faransa ya riga ya kashe ka, kuma babu katin da ke maganin wannan. Layin intanet mai kyau ne maganinsa.

Yana da kyau kuma matasanmu su tuna cewa a nan Yawunde aka yi wasan Aurion, wanda kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar a watan Afrilun 2016, aka kuma sayar da shi a kasuwar duniya ta intanet. Wasa ne da ƙaramar kwamfuta ke iya ɗauka. Waɗanda suka yi shi sun yi fama da ɗaukewar wuta irin wadda muke fama da ita, kuma abin da ya kai su ga nasara shi ne ilimi da naci.

Idan ya zama dole a sayi na hannu

Akwai waɗanda da gaske suke buƙatar babban kati, kamar masu haɗa bidiyon biki da suna, da masu zanen gine-gine, da ɗan wasan da ya riga ya mallaki allon 4K. Ga irin waɗannan, idan aka ajiye musu 4080 da 4080 Super, shawara ita ce su ɗauki wanda ya fi araha kuma ya fi lafiya. Idan farashinsu ɗaya ne a ɗauki Super, tunda ya fi ƙuruciya da aƙalla 'yan watanni. Idan bambancin ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, tsohon ya fi riba.

Sai dai kada a yi cinikin biri a sama. A sa mai kaya ya soka katin a kwamfuta a gabanka. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z da ke nuna ainihin sunan kati da yawan ma'aikatansa: idan ta nuna 9,728 to tsohon ne ko me aka rubuta a kwali, idan 10,240 ne to Super ne. A kunna wasa mai nauyi ko manhajar FurMark na aƙalla rabin awa, a ga ko hoto zai yi ɗige-ɗige, ko na'urar za ta mutu, ko fanka za ta riƙa kuka. A zare wayar wutar katin mai baki 16 a duba ko akwai alamar ƙuna ko narkewa, domin a ƙarshen 2022 an samu rahotannin narkewar irin wannan baki a katin RTX 4090, musamman inda ba a tura shi ya shige sosai ba. A kuma auna akwati, domin katin ya kai santimita 30 a tsayi, wasu samfuran ma sun fi haka.

Dalilin nacewa a kan gwaji shi ne, bayan da Amurka ta hana sayar wa Caina katin RTX 4090 a ƙarshen 2023, an samu masu cire ƙwayar katin da ma'ajiyarsa domin aikin ƙirƙirarriyar basira, sannan fankon ya shiga kasuwar gwanjo da fankarsa da kwalinsa kamar lafiyayye. Ido ba ya gane irin wannan sai an kunna. A ɗaya ɓangaren kuma, tsoron da ake yi na katunan da aka gajiyar wajen haƙar kuɗin intanet ya fi shafar jerin RTX 30, domin an daina haƙar Ethereum da katin hoto tun 15 ga Satumban 2022, wata biyu kafin 4080 ya shiga kasuwa.

Bayan saye kuma sai kula. Jar ƙurar Yawunde ta watannin Disamba zuwa Fabrairu tana toshe fanka, kati ya yi zafi, ya rage gudu da kansa domin kada ya ƙone. Katin da ƙura ta toshe yana iya asarar abin da ya fi kashi 3 ɗin da ake neman saye da dubu 150. A ɗaga akwati daga ƙasa, a riƙa hure shi lokaci-lokaci, a bar iska tana shiga ɗaki.

To RTX 5080 fa?

Wani zai ce, tunda haka ne a tsallake zuwa sabon jeri mana. RTX 5080 ya fito ranar 30 ga Janairun 2025 a kan dala 999, da ma'aikata 10,752, da sabuwar ma'ajiya mai sauri amma ita ma gigabait 16, yana kuma cin wat 360. Masu gwaji sun same shi ya ɗara 4080 Super da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a allon 4K. Ya fi tazarar da ke tsakanin 4080 da Super nesa ba kusa ba, amma ga mai 4080 har yanzu bai kai a yi asarar sayar da na hannu ba. Wanda zai ga canji na gaske shi ne mai tasowa daga jerin 20 ko 30 ko abin da ya gabace su. Ƙa'idar da masu harkar suka daɗe suna bi ita ce a tsallake jeri ɗaya ko biyu kafin a canza. Ga mai ɗakin wasan ƙwallo kuwa, matsakaicin kati irin RTX 4060, mai cin wat 115, wanda aka fito da shi a 2023 a kan dala 299, ya ishe shi har da saura, kuma kuɗin 4080 Super ɗaya zai sayi uku.

Da mako ya cika, na zauna da ɗan yayata a kan bencin ƙofar ɗakinsa, muka bi lissafin nan ɗaya bayan ɗaya a bayan wata tsohuwar takardar wuta. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce abin da ya fi ba shi haushi shi ne shekara guda yana taƙama da kati alhali talabijin ɗinsa ta daure shi. Da adashin ya fito, ya sayi ondile babba da regilate, ya kira mai gyaran wuta ya canza masa soket da waya, abin da ya rage kuma ya ajiye yana tarawa domin allo mai sabunta hoto sau 144. Katin nasa yana nan a inda yake. Ranar Asabar da ta wuce wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, ɗakin ya yi duhu, PlayStation huɗu suka mutu, amma kwamfutar ta ci gaba da aiki har ya samu ya kashe ta da hannunsa. Yanzu lissafin da yake yi shi ne na ondile ta biyu, domin sauran na'urorin.